Zazzaɓin Lassa: Me ya sa masana ke jayayya kan maganin ribavirin?

Da zarar an gama girbi a Anka da Gummi da Bukkuyum, gero da dawa sun shiga rumbu, sai ɓeraye su baro daji su dawo cikin gida. A irin wannan lokaci na rani ne zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa a Najeriya, ta hanyar fitsari da kashin ɓera da ke gurɓata abinci.

An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Ta fi ƙamari a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, amma Arewa maso Yamma ba ta tsira ba, domin a watan Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Har yau ba a amince da wata allurar rigakafin cutar ba. Maganin da aka dogara da shi kusan shekara 40 shi ne ribavirin, kuma a kansa ne masana ke jayayya.

Asalin dogaron wani bincike ne da aka yi a Saliyo, aka wallafa a 1986. Ya nuna cewa cikin masu tsananin ciwo 20 da aka fara yi wa allurar a kwana 6 na farko, mutum ɗaya ne ya rasu, alhali cikin waɗanda ba su samu ba fiye da rabi sun mutu.

Sai dai a 2019 wasu masana sun sake nazarin bayanan, har da waɗanda ba a taɓa wallafawa ba. Sun ce ba a raba marasa lafiyar ta hanyar ƙuri'a ba kamar yadda ƙa'idar gwajin magani ta tanada, don haka ba za a iya rantsuwa cewa maganin ne ya cece su ba. Sun kuma ga alamar cewa a wajen masu ciwo mai sauƙi, mace-mace sun fi yawa cikin waɗanda aka ba ribavirin.

Ga kuma illolinsa da aka sani: yana fasa ƙwayoyin jini har ya jawo ƙarancin jini, kuma yana iya nakasa ɗan tayi.

Masu goyon bayan maganin na cewa babu wani da ya maye gurbinsa, kuma likita ba zai naɗe hannu ba alhali cutar na kashe kusan 15 cikin 100 na waɗanda aka kwantar da tsananin ciwo. Shi ya sa hukumar NCDC ta bar shi cikin ƙa'idojinta, yayin da aka gwada wani maganin Japan mai suna favipiravir a asibitocin Irrua da Owo.

Ga mutanen yammacin Zamfara, babbar matsalar ita ce jinkiri. Lassa kan fara ne kamar zazzaɓin cizon sauro, sai a yi ta sayen ƙwaya a kemis har kwanaki su shuɗe. Ga nisan Gusau, ga fargabar 'yan bindiga a hanya.

Duk da saɓanin, ɓangarorin biyu sun yarda cewa zuwa asibiti da wuri na ceton rai, saboda ƙarin ruwa da ƙarin jini da kula da ƙoda da ake samu a can. Ribavirin kuwa ba maganin da mutum zai saya ya sha da kansa ba ne, balle mai juna biyu.

Duk wanda zazzaɓinsa ya ƙi sauka bayan ya sha maganin maleriya, ya garzaya asibiti ya nemi gwaji, ko a kira lambar NCDC ta kyauta, 6232. A gida kuma a riƙa rufe abinci, a daina shanya shi a bakin titi, a toshe ramukan ɓera.