Shin Ko Kun San? Intanet a Gida, Idan Gidan a Lambara Yake

Shin ko kun san cewa saƙon da kuka tura daga Lambara zuwa ga ɗan'uwa a Makka yawanci sai ya fara gangarawa Legas? A can ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku ke fitowa tudu: MainOne da Glo-1 tun 2010, Equiano na kamfanin Google a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, ana cikin azumi, wasu daga cikinsu suka katse a gaɓar tekun Kwaddibuwa, harkar bankuna ta rikice a faɗin Najeriya. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, teku ta hana shi cire kuɗin cefane wajen mai POS.

Ko kun san babu layin da ya fi kowane kyau a ko'ina? Wayar faiba har cikin ɗaki ta manyan birane ce. A tsakanin Bodinga da Shagari zaɓi biyu ne: a sa layin MTN, Airtel, Glo ko T2 (tsohon 9mobile) a cikin rauta ko MiFi, ko a ɗaga kai sama wajen tauraron ɗan'adam. A na farkon, ba sunan kamfani ke aiki ba. Turken sadarwa mafi kusa da gidanku ne ke aiki, da yawan mutanen da ke rataye a jikinsa. Shi ya sa nake mamakin mai sayen rauta saboda talla. Ku sayi 'yar data ta kwana ɗaya a layi biyu ko uku, ku gwada a ɗakin da za a ajiye na'urar, kuma ku gwada bayan sallar isha'i, lokacin da samarin gari duk suka duƙufa kan TikTok. Sabis ɗin hantsi ba shaida ba ne.

Na ga wannan da idona a gidan wani malamin makaranta. Ya ajiye rauta a ƙuryar ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ƙarƙashin rufin kwano, yana ta tsine wa kamfanin. Ɗansa ya ɗauke ta ya rataya a ƙusa bakin tagar da ke kallon titi, sai ga sandunan sabis sun tashi daga ɗaya zuwa huɗu. "Baba, ai ba laifinsu ba ne," in ji yaron. Malam dai bai janye tsinuwar ba.

Shin ko kun san rautar da aka rubuta wa 5G ba ta ƙera 5G da kanta? MTN da Mafab sun biya dala miliyan 273.6 kowannensu a gwanjon lasisin 5G na Disamba 2021, kuma da MTN ya fara a 2022, birane bakwai ya zaɓa, Kano da Maiduguri na ciki. Zangon da aka sayar ɗin yana da gudu amma ba ya cin nisa, bango ma yana tare shi. Inda turken bai da shi, na'urar mai tsada 4G za ta koma, kun biya kuɗin doki kuna tafe a kan jaki.

Ko kun san Mbps da MB ba abu ɗaya ba ne? Sai an raba da takwas. Wanda ya yi muku alƙawarin gudun 8 Mbps, megabait ɗaya yake nufi a daƙiƙa.

Kalmar "marar iyaka" kuma, a karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinta. Galibi akwai wani ma'auni da idan an kai shi za a rage gudun har a koma tafiyar hawainiya.

Shin ko kun san Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki, a Janairun 2023? Taurarinsa na shawagi a nisan kimanin kilomita 550, alhali irin su NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a 2011, suna can kusan kilomita 36,000. Kusancin ne ya sa kiran bidiyo ba ya jan ƙafa. Ba ruwansa da turke, sarari kawai yake so, don haka kada a kafa farantin a gindin dogonyaro. Sai dai kayan ɗaruruwan dubban naira ne, ban da kuɗin wata, kuma babban farantin yana shan wuta kamar wat 50 zuwa 75 dare da rana. Ga wanda wutar NEPA ke kawo wa ziyara jefi-jefi, lissafin bai cika ba sai an haɗa da sola da batir. Idan hadarin Agusta ya haɗo da ruwa mai ƙarfi, yakan ɗan ɗauke. MiFi kuwa ko wajen mai cajin waya a bakin kasuwa za a cika ta. A zafin Afrilu dai kada a bar ta a rana, batirin kumbura yake.

Ko kun san a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari? Tsohon farashin da maƙwabci ya gaya muku, ku sake tambaya.

Ko kun san yawan layi ba ya hana katsewa? A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Mai layi huɗu da mai layi ɗaya duk suka zama ɗaya.

Shin ko kun san lambobin yanzu bai ɗaya ne a kowane layi? *312# don sayen data, *323# don duba saura, 300 don magana da kamfani. Tun 2013 kuna iya ƙaura zuwa wani kamfani da lambarku ba tare da ta canza ba. Idan kun kai kuka an yi biris da ku, ku kira NCC a 622. Kyauta ne, amma ku riƙe lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ku, don ita za a fara tambaya.