Hatsin Doguwa da Haƙƙin Wurin da Ya Nuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wanda ya bi hanyar da ta rabu daga Kwanar Ɗangora ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa a watannin kaka, zai yi ta cin karo da manyan motoci maƙare da masara da shinkafa sun fuskanci arewa. Da yawa daga cikinsu kasuwar Dawanau suka nufa. Ruwan yankin ma arewa yake gangarawa: kogin Kano yana taruwa a madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daga nan ya shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, ya kai ga masu sha a birni. Kuzar Riruwai kuwa an daɗe ana haƙar ta tun kafin zuwan Turawa. Babu aibi a cikin wannan duka, domin fatauci halal ne, kuma haka Allah Ya tsara arziki ya riƙa zagayawa tsakanin bayinsa. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce: shin a cikin abin da ke fita akwai wani kaso da shari'a ta ce ya tsaya a inda ya samu? Amsar malaman mazhabar Malikiyya ita ce akwai, kuma sun fayyace shi fiye da yadda yawancinmu muke zato.

Asalin maganar hadisin Mu'azu bin Jabal ne, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, zai tura shi Yaman, ya umarce shi ya sanar da mutanen can cewa Allah Ya farlanta musu sadaka da za a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Malamai da yawa sun tsaya a kan wannan jinginawa ta matalauta zuwa ga mutanen wurin, suka fahimci cewa talakan gari ya fi kowa cancantar zakkar garinsa. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Juhaifa cewa mai karɓar zakka na Annabi ya zo musu, ya karɓa daga masu halinsu ya raba wa mabukatansu, shi kuma a lokacin yaro ne maraya, aka ba shi 'yar taguwa. Abu Dawuda ma ya kawo labarin Imrana bin Husaini, wanda aka tura karɓar zakka ya dawo hannu biyu, da aka tambaye shi ina dukiyar sai ya nuna ya ajiye ta a inda ake ajiye ta a zamanin Annabi, wato a hannun talakawan wurin.

A kan wannan Shaihu Halil ya gina hukunci a Muhtasar ɗinsa, masu sharhi kuma suka warware shi. Wajibi ne a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi. Abin nufi da kusa shi ne abin da bai kai tafiyar ƙasaru ba, wato buridi huɗu, mil 48, wanda malaman zamani ke kiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai. Idan akwai waɗanda suka fi mutanen wurin bukata a nesa, sai a kai musu mafi yawanta. Idan aka kai wa waɗanda bukatarsu daidai take da ta mutanen wurin, an saɓa wa abin da aka nema, amma ta isar. Idan kuwa aka ɗauke ta aka kai wa waɗanda ba su kai mutanen wurin bukata ba, to ba ta isar ba, tana nan a wuyan mai ita. Sannan suka bambance: wurin wajabcin zakkar kuɗi shi ne inda mai kuɗin yake, amma wurin wajabcin zakkar noma da ta dabbobi shi ne inda amfanin gonar ko garken yake.

Wannan bambanci na ƙarshe shi ne ya shafe mu kai tsaye. A yau akwai attajirai da ma'aikata mazauna birnin Kano da ke da manyan gonaki a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, wasu nasu ne, wasu haya suke yi. Da yawansu mutanen kirki ne masu fitar da zakka. Sai dai abin da aka saba shi ne a loda hatsin gaba ɗaya a kai ma'ajiya a birni, in azumi ya matso a fitar da na zakka a raba a ƙofar gida. Nan akwai gyara biyu. Na farko, zakkar noma ba ta jiran azumi kuma ba ta jiran cikar shekara. Tana wajaba ne da zarar ƙwaya ta ƙosa, ana fitar da ita bayan sussuka da shiƙa, kuma aya ta 141 a Suratul An'am ta ɗaura bayar da haƙƙin amfanin gona ne ga ranar girbinsa. Na biyu, tsakanin Doguwa da birnin Kano akwai abin da ya haura tafiyar ƙasaru ba tare da wani kokwanto ba. Mai gona a Bebeji yana iya samun sauƙi ta fuskar kusanci, amma mai gona a bayan Falgore ba shi da wannan uzuri, sai fa in ya tabbatar cewa waɗanda ke layi a ƙofar gidansa sun fi gwauruwar da ta yi masa ɓarzar masara a bakin gona bukata. Abu ne da zai yiwu, to amma nawa ne suka taɓa tsayawa suka bincika?

Yana da kyau ɗalibi ya riƙe lissafin, domin shi za a tambaya a ƙauye. Nisabi wusƙi biyar ne, wato sa'i 300, wanda Shaihu Yusuf Alƙardawi ya kiyasta da kimanin kilo 653 na alkama. Da buhun nan mai kilo ɗari, abin ya kama buhu shida da rabi ke nan. A Malikiyya dawa da gero da shinkafa kowane jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi, masara kuma malamai sun riskar da ita ga dawa wajen wajabcin zakka. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, shi ne abin da kakanninmu suka sani da dami ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da inji ko jigo, ɗaya bisa ashirin. A nan akwai wata mas'ala da manoman rani na ƙarƙashin Tiga kan yi kuskure a kanta: ruwan da ke gangarowa da kansa ta magudana zuwa gona hukuncinsa hukuncin ruwan sama ne, ko da an biya kuɗin ruwan ko an kashe wani abu wajen jawo shi, kamar yadda Halil ya ambata. Sai wanda ya kafa injin ban-ruwa ne zai koma rabi. Zakkar gonar haya tana kan wanda ya noma, a wajen Malik da Shafi'i da Ahmad. Bashi kuma ba ya kayar da zakkar noma a mazhabarmu. Saboda haka wanda ya samu buhu 200 na masarar damina, alal misali, buhu 20 ba nasa ba ne, kuma masu su suna zaune a kewayen gonar.

Mai karatu na iya cewa wannan tsanantawa ce, tunda talaka talaka ne ko a ina yake. Lalle wasu malamai sun sassauta, Hanafiyya ma sun halatta ɗauke zakka zuwa ga dangi ko ga wanda ya fi bukata ba tare da karhanci ba. Amma hikimar da ke cikin ra'ayin Malikiyya a fili take ga wanda ya san zaman karkara. Talakan wurin ya ga shukar tun tana tsiro, wataƙila ma da guminsa aka yi noman farko da maimai. Idan ya ga an kwashe ta ƙaf, sannan da tsakiyar damina ya koma yana sayen tiyar masara da tsada, ko ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da sharaɗin ya biya da hatsi a farashin kaka, to abin da zai tsiro a zuciyarsa ba alheri ba ne ga kowa. Ƙissar masu gonar nan ta Suratul Ƙalam, waɗanda suka yi sammakon girbi don kada miskini ya riske su, ta isa gargaɗi. Mota mai ɗaukar buhu ɗaruruwa tana iya yin abin da sammakonsu ya yi, ko da mai gonar bai yi nufin haka ba.

Zakka dai ita ce mafi ƙarancin abin da ke kan mutum, kyautatawa ta fi ta faɗi. Tarihin yankin nan yana da misali a kan haka. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi fatauci ƙasar da ake kira Ghana a yau, aka bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta raine shi, da sunanta kuma duniya ta san shi. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma, zuriyarsa kuma ta shahara da ciyarwa da gina masallatai da makarantu da tallafa wa asibitoci. Tata ba ta mallaki nisabin komai ba. Abin da ta bayar shi ne riƙon maraya, wanda Annabi ya yi wa mai yin sa albishir da maƙwabtaka da shi a Aljanna. Nakan tuna da ita duk sa'ad da na ji wani ɗan karkara da ya yi karatu yana cewa sai ya yi kuɗi tukuna zai waiwayi gida.

Hanyar da ta fi dacewa da mai son alherinsa ya zauna a mahaifarsa ita ce hubusi, wato waƙafi. Da Abu Ɗalha ya ji aya ta 92 a Suratu Ali Imrana ya bayar da gonarsa ta Bairuha, Annabi ya nuna masa ya sanya ta cikin makusantansa. Usmanu bin Affan ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Malikiyya sun sauƙaƙa wannan babi fiye da sauran mazhabobi, domin sun halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci, sun kuma halatta shi a kan abin da ake ɗauka, kamar dabba da kayan aiki. Ke nan mai gonaki a Kiru zai iya tsayar da amfanin gona ɗaya na shekara biyar ga makarantar allo ta garinsu, ba tare da ya rabu da asalin mallakarta ba. Mai injin ban-ruwa ko garmar shanu zai iya tsayar da su ga marayu da matan da mazansu suka rasu. Wannan ya yi daidai da al'adar gayya da mutanenmu suka gada, sai dai shi hubusi yana bukatar rubutu da shaidu da mai kula, domin magada kan manta da abin da aka faɗa da baki. Ya kamata kuma a tuna cewa a ƙasar Doguwa da Tudun Wada akwai maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba. Zakkar farilla tana da masu ita da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, amma rijiya da sadakar taɗawwu'i da haƙƙin maƙwabtaka sun game su, kamar yadda aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta nuna.

Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Duk da haka aikin da wannan mas'ala ke nema ya fi ƙarfi a hannun limaman garuruwa da dagatai da masu unguwanni, domin su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: amintaccen rumbu ko ɗaki a gefen masallacin Juma'a, mutum biyu ko uku da jama'a suka yarda da su, da littafin da za a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Mai gona da ke birni sai ya wakilta su, a auna na zakka tun a masussuka kafin a ɗinke buhunan da za a loda, kuma a auna daga matsakaicin hatsin, ba daga wanda ruwa ya taɓa ba, domin aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana nufin mummuna wajen ciyarwa. Rabon kuma a kai wa masu shi har gida da yamma, ba tare da tara su a fili ana ɗaukar hotonsu ba.