Taya Mai Ƙarko: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani Kafin Ya Biya Kuɗi

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Kaduna, ko ta Maraɗi zuwa Damagaram, musamman a watannin bazara sa'ad da kwalta ke tururi da tsakar rana, ba zai rasa ganin yagaggun baƙar roba warwatse a gefen hanya ba, wasu da wayoyinsu a tsaitsaye. Kuma ko da yake ido ya saba da su har ya daina lura, kowanne daga cikinsu shaida ne na wata taya da ta fashe ana cikin gudu, da wani direba da ya yi kokawa da sitiyari, wanda Allah kaɗai Ya san yadda ya ƙare. Mukan ce ƙaddara ce, kuma haƙiƙa babu mai tsere wa abin da aka rubuta masa, amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa imani da ƙaddara yana ɗauke wa mutum riƙo da sababi ba. Ƙaramar mota, komai tsadarta, ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma ta nan ne birki da sitiyari da ƙarfin inji duka suke isa ga hanya.

Dubi yadda galibinmu muke sayen taya. Mutum ya je rumfar masu sayar da na hannu, yaron shago ya mirgino masa wadda aka wanke aka shafe da mai tana sheƙi, shi kuwa ya dunƙule hannu ya buga ta sau biyu, ya cusa ɗan yatsa cikin zanen ya ji da sauran zurfi, sa'an nan ya tambaya, “'Yar Beljiyam ce?” Mai kaya ya ce, “Wallahi Alhaji jiya aka sauke ta, ko wata shida ba ta yi a ƙasa ba.” Daga nan sai ciniki. Alhali kuwa duk abin da yake bukatar sani an rubuta shi a gefen tayar da manyan baƙaƙe, bai ko kalle su ba.

Wannan hali yana da asali. A da ana ƙera taya a Najeriya, har kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008. Tun daga lokacin aka dogara ga abin da ake shigowa da shi, sababbi masu kyau da marasa kyau, da kuma tsofaffi waɗanda doka ta hana shigo da su amma ba su daina ƙetaro iyaka ba. Don a rage kuɗin jigila akan cusa taya uku ko huɗu cikin juna, a danne da ƙarfi, wanda yakan lanƙwasa wayoyin da ke riƙe da bakinta, aibin da ba ya bayyana sai ta ɗauki lodi ta yi zafi. Da yawa daga cikinsu kuma an yi su ne domin hunturun Turai, da roba mai taushi wadda aikinta ya fi kyau idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma alamarsu ita ce hoton dutse mai kawuna uku da ƙanƙara a cikinsa. Irin wannan idan ta hau kwaltar Sakkwato a watan Afrilu, cinyewa take yi kamar ana fiƙe ta. Mafi muni ita ce suɗaɗɗiyar da aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, domin abin da aka yanke shi ne ɗan naman da ya rage tsakanin hanya da waya.

Abu na farko da za a nema shi ne shekarunta, gama roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye, ta bushe, ta yi ƙananan tsage-tsage. A gefen taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa kuma lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, to an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019, ko da mai kaya ya rantse da abin da zai rantse. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana shelar cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ƙirarta, manyan kamfanoni irin su Michelin kuwa sukan ce a riƙa kai ta ga gwani duk shekara bayan ta yi 5, kuma kada ta haura 10 ko da zanenta bai taɓu ba. A ganina, ga mai zama a ƙasar da rana ke gasa roba yawancin shekara, riƙo da fatawa mafi tsanani shi ya fi kusa da tsira.

Sa'an nan sai ma'auninta. Ɗauki misalin 195/65 R15 91H, wadda ake yawan gani a ƙananan motoci. Faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, tana hawa wili mai inci 15. Amma lamba da harafin ƙarshe, waɗanda ba kowa ke kula da su ba, su ne ruhin maganar, domin 91 na nufin iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka kilo 615 ne, H kuwa iyakar gudunta kilomita 210 a awa, kamar yadda T ke nufin 190, V kuma 240. A nan ne masu bas-bas na haya suke jefa rayukan bayin Allah cikin hatsari, sa'ad da suka ɗaura tayar ƙaramar mota ga motar da za ta ɗauki mutum 18 da buhunansu, alhali abin da ya dace da ita shi ne taya mai harafin C, wadda aka ƙarfafa jikinta domin lodi, irin 195 R15C da kowace ɗaya ke ɗaukar kilo 900 ko fiye.

Babban maƙiyin taya a ƙasarmu zafi ne. Tayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka suna ɗauke da daraja uku da hukuma ta wajabta rubutawa, ta jure cinyewa, wadda ake nunawa da lamba, ta kama jiƙaƙƙiyar hanya, da ta jure zafi, wadda ake nunawa da A ko B ko C. Mai tafiya mai nisa a nan ya nemi A, in ya rasa ya haƙura da B. Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5, yawancinsu a kan motar Ford Explorer, bayan an ga fatar samansu tana ɓarewa ana cikin gudu, motoci suna kifewa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Kuma abin lura gare mu shi ne musibar ta fi aukuwa a jihohin kudancin Amurka masu zafi, da ƙasashe irin su Saudiyya da Benezuwela, inda aibin ƙira ya haɗu da rana da ƙarancin iska.

To, akwai masu cewa su tayar tsere suke so, wai ita ce ƙarshen inganci. Lalle ne a fahimci cewa kama hanya da daɗewa kishiyoyi ne, abin da aka ƙara wa ɗaya an rage wa ɗaya. Tayar tseren Formula 1, wadda kamfanin Pirelli kaɗai ke samarwa tun 2011, ba ta da zane ko kaɗan idan filin a bushe yake, ba ta kama ƙasa sosai sai ta yi zafi kusan na tafasasshen ruwa, kuma akan sauya ta tun ba a gama tsere ɗaya ba. Ko a can ma, dacewa da fili ita ce magana: a tseren Indianapolis na 2005, da ya bayyana tayoyin Michelin ba za su jure wata kwana da ake shiga da matsanancin gudu ba, motoci 14 suka janye, 6 kacal masu Bridgestone suka yi tseren. Wanda yake hawa titi da motarsa kuma yakan shiga filin tsere lokaci-lokaci, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka, yakan sayi mai lambar cinyewa 200 ko kusa da haka, yana sane ba za ta kai rabin rayuwar mai 500 ba, kuma da ruwan sama sai ya yi hattara. Waɗanda suka san abin sukan ajiye saiti biyu, kowanne da wilinsa. Samarinmu masu wasa da mota ranar ɗaurin aure, ana ƙugi ana hayaƙi, su sani cikin 'yan daƙiƙu suke ƙone tafiyar watanni.

Mu dai abin da ya fi shafarmu shi ne burji da gargada da rairayi. Mai Hilux da ke raba tafiyarsa tsakanin kwalta da hanyar ƙauye ya nemi mai alamar AT, wadda ke da kaurin gefe da zane mai tsaka-tsaki. Mai alamar MT, mai manyan haƙora, ta taɓo ce, kuma a kwalta ƙara take yi tana saurin cinyewa. Direbobin Agadas, da 'yan tseren Dakar a shekarun da suke ratsa Tenere, sun san cewa a cikin yashi akan rage iska don taya ta baje. Sharaɗin kawai shi ne a mayar da iskar da zarar an hau ƙasa mai tauri. Tayoyin nan masu siririn gefe da ake ɗaura wa manyan wili don ado kuwa, rami ɗaya ya isa ya fito musu da ƙululu, kuma taya mai ƙululu wayarta ta tsinke, ba ta da faci.

Bayan saye sai kiyayewa, kuma jigonta iska ce. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Wanda ke jikin taya iyaka ce da ba a ƙetarewa. A gwada da safe tun ba a yi tafiya ba, kuma ya kyautu mutum ya mallaki gejinsa, domin na mai faci sau da yawa ya gaji, wani ma da bugun ƙarfe yake gwadawa ya ce ta yi. Ɗabi'ar nan ta wasu direbobi, su tsaya da rana tsaka su sace iska wai kada taya ta fashe, kuskure ne babba, gama taya mai ƙarancin iska ita ce take lanƙwashewa tana haifar da zafi a cikinta. A riƙa sauya musu gurbi duk bayan kilomita 10,000, a duba saitin ƙafafu idan gefe ɗaya ya fi cinyewa, kuma idan zanen ya sauka daidai da 'yan tudun nan da ke cikin kwarinsa, watau milimita 1.6, aikinta ya ƙare.

Ga 'yan kasuwa kuma, malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ɓoye aibin kaya algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan aibin ya bayyana. To ina ga aibin da in ya bayyana ba lalle mai sayen ya rayu ya dawo da kayan ba? Wanda kuma ƙarfinsa bai kai na taya huɗu ba, ya sayi biyu sababbi iri ɗaya, ko da ba na shahararren kamfani ba ne muddin lambobinsu sun dace da motarsa, ya ɗaura su a baya, ko da injin ƙafafun gaba yake ja, domin idan gaba ta zame direba yana iya gyarawa da sitiyari, amma idan baya ta zame motar juyawa take yi. Safaya ma a fito da ita daga but a karanta lambobinta huɗu, a gwada iskarta tare da sauran.