ƘARA WA MOTAR RANGADI TSAWO: A AUNA KAFIN A ƊAGA

Da zarar damina ta kankama, duk wanda aikinsa ya haɗa shi da ƙauyuka, ko malami ne mai duba makarantu, ko akawu, ko ma'aikacin asibiti mai yawon rigakafi, ya san wahalar hanyar burji. Manyan motoci su kan haƙa kwari biyu da ƙafafunsu su bar tudu a tsakiya, sai ka ji cikin motarka yana gurzar ƙasa. Wannan ne ya sa masu jif da yawa, watau motar nan mai ja da ƙafa huɗu, su ke son a ƙara mata tsawo. Kayan yin haka kuwa suna nan kasuwa iri iri. Amma aiki ne da ya shafi rai, don haka ya kamata a fahimce shi tukuna. Ƙarin tsawo kaɗan, wanda ya dace da nauyin da mota ta saba ɗauka, shi ne mai amfani. Abin da ya wuce inci 2, watau santimita 5, sai da dalili mai ƙarfi.

YADDA MOTA TA KE ZAUNE

Gangar mota tana zaune ne bisa sifirin, shi kuwa sifirin yana bisa aksil, watau ƙarfen da ke riƙe da ƙafafu. Kusa da kowane sifirin akwai shokazoba mai hana mota ta yi ta tsalle bayan ta faɗa rami. Land Rover ta farko, wadda ta fito a 1948, sifirin mai falle-falle gare ta gaba da baya. A 1970 Range Rover ta zo da sifirin mai naɗi, Land Rover 110 ta bi sahu a 1983. Hilux da Prado na zamanin nan kuwa, ƙafafunsu na gaba kowace tana motsi ita kaɗai a kan hannuwanta, aksil guda sai a baya. Tilas mai mota ya san irin tasa, domin kayan wata ba su hawa wata.

ABIN DA ƊAGAWA BA TA YI

A tsakiyar aksil akwai wani tulu na ƙarfe mai giya a ciki, shi ke raba wa ƙafar dama da ta hagu ƙarfin inji. A motar da ke da aksil guda, wannan tulu yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa, kuma ko an ɗaga gangar mota inci 6 yana nan inda ya ke, gama shi a ƙarƙashin sifirin ya ke. Babu abin da ke ɗaga shi sai babbar taya. In aka cire taya mai tsawon inci 31 aka sa mai 33, inci 1 kaɗai tulun zai tashi, watau rabin bambancin. Sa'an nan maleji zai riƙa yin ƙarya: yana nuna kilomita 100, alhali mota tana kusan 106. Birki kuma aikinsa ya ƙaru, mai ya ƙara tafiya.

To, amfanin ɗagawa shi ne ta nisanta ciki da gaba da bayan mota daga ƙasa sa'ad da a ke sauka kwazazzabo ko haye tudu, ta kuma ba babbar taya wurin juyawa. A rairayi irin na Yusufari ko hanyar Agadas zuwa Bilma, rage wa taya iska ya fi ƙarin tsawo taimako. A taɓo kuwa, zanen taya ne abin dubawa.

LISSAFIN KIFEWA

Ga wani lissafi da ɗan firamare ma zai iya. A auna faɗin da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu, a raba shi da ninki biyu na nisan cibiyar nauyin mota daga ƙasa. In amsar ta yi ƙanƙanta, motar tana da saurin kifewa. Da wannan ma'auni ne hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta fara ba motoci daraja a 2001. Ƙananan motoci galibi su kan sami 1.30 zuwa 1.50, masu tsawo kuwa 1.00 zuwa 1.30. Misali, mota mai faɗin santimita 160, cibiyar nauyinta na santimita 70 daga ƙasa, amsarta 1.14. In cibiyar ta tashi zuwa 80, amsa ta koma 1.00. Yanzu a ɗora jarkokin mai da buhunan hatsi bisa kariya, a cika ta da mutane, a hau kwanonin dutsen Mambila daga Serti zuwa Gembu. Direba ba zai san abin da ya rasa ba sai ranar da akuya ta gitta ya karya sitiyari da gaggawa.

IRIN KAYAN DA A KE SAYARWA

Na farko, zobe ne na ƙarfe ko roba da a ke cusawa bisa sifirin na da. Yana da araha, yana ƙara tsawo, amma in sifirin ya gaji yana nan a gajiyensa. Na biyu, ana sa ƴan kututture tsakanin gangar mota da shasi. Wannan yana ba taya wuri kurum, shasi bai tashi ba. Na uku, shi ne cikakken kaya: sabon sifirin tare da shokazoba mai tsawon da ya dace da shi. Ya fi tsada, amma shi ne na mai rangadi, araha kuwa ba ta ado.

Masu ƙera cikakken kaya, kamar Old Man Emu na Ostireliya, suna kasa sifirin gwargwadon nauyi: na mota marar kaya, na matsakaicin kaya, da na wadda ba ta rabuwa da lodi. Wanda ya sayi na lodi alhali shi da jakarsa kaɗai ke tafiya, motar za ta yi ta jijjiga shi kamar amalanke. Wanda kuwa ya sayi mai laushi ya labta kaya, bayan motar zai zauna, kuɗinsa ya tafi a banza. Saboda haka a fara lissafa mutane, da safaya, da jarkoki, da ƙarfen gaba in akwai, tun ba a je kanti ba.

ABIN DA ZA A TAMBAYI BAKANIKE

In an ɗaga mota, sauran sassanta ba su ƙara tsawo don kansu. A tambaya ko tiyon birki zai kai sa'ad da ƙafa ta faɗa rami ta yi ƙasa iyakarta. In ya gaza zai tsinke, birki ya tafi. A tambaya game da farfela, domin in ta karkace da yawa mota ta kan yi karkarwa. A motar da ƙafafun gabanta ke motsi dabam dabam, gaɓoɓin da ke juya ƙafa su kan lalace da wuri in an wuce inci 2, har sai an sake hannuwan sama. Kada kuma a yarda a sa kututture tsakanin sifirin mai falle da aksil na gaba, ko a tara zobe bisa zobe. Bayan an gama, a daidaita ƙafafu, a sunkuyar da fitilu don kada su kashe wa masu zuwa ido, a sake ɗaure kusoshi bayan tafiyar farko, a kuma sanar da kamfanin inshora. In motar hukuma ce, sai da iznin ofis a rubuce.

Sau da yawa motar da a ke kuka da gajartarta sifirinta ne ya tsufa ya kwanta, sabo irin nata na asali ya isa ya mai da ita yadda ta ke. A auna wannan tukuna. In babu kuɗin cikakken kaya da gwanin da zai ɗaura shi, to, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Allah ya kiyaye hanya, amin.