Daga Lamba Zuwa Filastan Rigakafi

Duk wanda ya zauna da dattawan Zangon Agege a Ikko ya san tabon lamba a damtsensu. Da wannan 'yar tsaga aka yaƙi agana, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarta a 1980. Dalili kuwa, fata cike take da ƙwayoyin halitta masu tsaron jiki.

To, yanzu masana sun komo ga wannan hanya. Sun ƙera ɗan filasta mai ƙananan allurai, tsawon kowace bai kai milimita ɗaya ba, ɗauke da busasshen maganin rigakafi. In an manna shi a wuyan hannu, sai alluran su narke cikin fata. Ana kuma binciken ƙunshe maganin cikin ƙwayoyin da ido ba ya gani, domin ya ƙara ƙarfi.

An gwada na ƙyanda a Gambiya. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna fiye da 90 cikin 100 na jarirai sun sami kariya.

Amma jama'a, filastan bai iso asibitocinmu ba tukuna. Kada ku jira shi. Da yaro ya cika wata tara, ku kai shi allurar ƙyanda. Kyauta ce.