Sauya harafi ɗaya a sunan gwamna ba ya hana sammaci

Wani dogon saƙo yana ta zagaye zaurukan WhatsApp na marubutan intanet da masu karanta su. Babu suna a ƙasansa, sai alamar nan ta cewa an tura shi sau da yawa. Ya fara da labaran duniyar masoya fina-finai da littattafai, sannan ya kawo jerin labaran siyasa da wai kowa ya kamata ya karanta, irin waɗanda masu kallo ke rubutawa da kansu: mutum ya ɗauki taurarin shirin da yake so, kamar Kwana Casa'in, ya ƙaga musu ci gaba, ya kai su inda masu shirin ba su kai su ba. Wannan rubutu ina son sa, kuma ina ganin alheri a cikinsa. Abin da ya tayar mini da hankali yana can ƙasan saƙon, inda aka shawarci marubuta su daina ɓuya a bayan taurarin fim, su ɗauko gwamnoni da sanatoci na gaske su saka a labari, wai muddin sun sauya harafi ɗaya a sunan, suka kuma rubuta a sama cewa labarin ƙage ne, babu dokar da za ta taɓa su.

Bari in fara sallamar ƙananan maganganun da ke cikin saƙon. Wai gwamnatin Najeriya ta sayi Wattpad don ta riƙa leƙen asirin marubuta: kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ne ya saye shi a 2021. Wai ƙasar Sin ta toshe rumbun labarai na AO3 saboda labaran siyasa: an toshe shi a ƙarshen Fabrairun 2020, amma rigimar da ta kai ga haka ta tashi ne tsakanin masoyan jarumi Xiao Zhan da masu rubutu, a kan wani labari da aka ƙaga game da shi. Wai Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta haramta duk wani labarin siyasa: abin da ta yi a Mayun 2025 shi ne dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, kuma dalilin da ta bayar rashin kai su tacewa ne kafin a sake su. Waɗannan ukun ko an yarda da su, iyakarsu su sa mutum ya ji kunya a muhawara. Shawarar sauya harafin ce za ta iya kai 'yar mutane gaban alƙali.

Wanda ya rubuta shawarar nan ko dai bai san komai game da dokar ɓata suna ba, ko kuma ya sani amma bai damu da wanda zai shiga hannu ba. Shi bai sa sunansa ba. Waɗanda yake zugawa ne za su sa nasu.

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata ba. Tun muna yara muke ganin layin nan a farkon fim, cewa duk kamanceceniya da wani mutum arashi ne kawai, har ya zauna mana a rai kamar laya, a rataya a wuce. Yawancin masu wannan rubutu matasa ne, mata sun fi yawa, da waya suke bugawa da daddare bayan sun gama hidimar gida. Haushin da ke cin su kuma na gaske ne: asibiti babu magani, malami ya yi watanni bai ga albashi ba, an rushe kasuwa ba a biya diyya ba. Wanda ke cikin wannan hali aka ce masa ga hanyar da zai amayar da abin da ke cikinsa ba tare da tsoro ba, dole ya saurara.

Amma a duba asalin layin da kansa. A 1932 kamfanin MGM na Amurka ya fitar da fim a kan Rasputin, mutumin nan da ya mamaye fadar sarkin Rasha har aka kashe shi a 1916. An sauya sunaye a fim ɗin: yariman da ya yi kisan an ba shi wani suna, matarsa an kira ta Natasha, aka kuma nuna cewa Rasputin ya keta mata haddi. Gimbiya Irina, matar Yarima Felix Yusupov wanda duniya ta san yana cikin masu kisan, ta kai ƙara a Landan. Ta ce duk wanda ya san labarin ya san ita ake nufi. A 1934 kotu ta ba ta gaskiya da diyyar fam 25,000. Bayan wannan kaye ne kamfanonin fim suka ɗauki al'adar liƙa layin. Wato shari'ar da ta haifi layin ita ce ta nuna cewa sauya suna ba ya ceton kowa.

Tambayar da kotu ke yi a irin wannan ƙara ɗaya ce, kuma kotunanmu sun gaje ta daga dokar Ingila: shin mai hankali da ya san mutumin, idan ya karanta, zai gane shi ake nufi? Ba a tsayawa kan abin da marubuci ya ce yana nufi a zuciyarsa. Akwai ma wata tsohuwar shari'a a Ingila inda ɗan jarida ya ƙagi wani mutum mai suna Artemus Jones ya jingina masa neman mata, ashe akwai lauya mai wannan suna, kuma lauyan ya ci diyyar fam 1,750 duk da jaridar ta ce ba shi ta nufa ba. To ina ga wanda ya nufa da gangan? Na karanta ɗaya daga cikin labaran da saƙon ya yaba. An cire wasali ɗaya daga sunan gwamnan, amma ga irin hular da aka san shi da ita, ga garin haihuwarsa, ga aikin gadar da ya yi kaurin suna a kai. A babi na uku kuma an shigar da shi ɗakin otal da matar wani. Duk gwanintar marubuciyar ta tafi ne wajen tabbatar da cewa mai karatu ya gane shi, kuma wannan gwanintar ce lauyan mai ƙara zai ɗaga a gaban kotu.

A Arewa maganar ba ta tsaya ga diyya ba. Kundin Final Kod ya mayar da ɓata suna laifi da hukuma ke gurfanar da mutum a kansa. A sassa na 391 da 392 na asalin kundin, hukuncin ya kai ɗaurin shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. A jihohin da ke aiki da dokokin Shari'ar Musulunci kuwa, jifan mutum da zina ba tare da shaidu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala tamanin. Ko da babu kotu a duniya, wannan ya isa ya sa Musulmi ya janye hannunsa, domin a labarin can akwai wata mata da aka jefa tare da gwamnan, ita kuwa ba ta riƙe da muƙamin kowa.

Kada wani ya ce ai wasa ne, kowa ya san wasa ne. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin, da tarar naira 10,000 kowannensu, da sharar harabar kotu na kwana talatin, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje. A ganina hukuncin ya yi tsauri, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ma sun yi tir da shi. Amma bulalar ta riga ta sauka. A watan dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda rubutun da ya yi a Twitter game da Aisha Buhari, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. Nasa ba ƙagaggen labari ba ne, amma ya nuna yadda hannun masu iko ke isa ga mutum tun kafin alƙali ya ce uffan.

Saƙon ya ƙara da cewa an soke sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Gyara aka yi masa a Fabrairun 2024, bayan kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. An cire kalmomi masu faɗi irin su cin fuska da ɓata rai, aka taƙaita shi ga batsa da kuma ƙaryar da aka yaɗa da niyyar tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Ci gaba ne. Sai dai an ci gaba da kama 'yan jarida da sunan dokar bayan gyaran, kuma gyaran bai taɓa Final Kod ba ko kaɗan.

Sai batun sunan alƙalami, wanda mutane da yawa suka dogara da shi. Ki duba saman babin farko na kusan kowane littafin intanet: bismillah, godiya ga masoya, sannan sanarwar cewa mai son ci gaba ya tura kuɗi ta wannan asusu, ya turo shaidar biya ta wannan lamba. Duk wanda ya buga lambar asusun a manhajar banki, cikakken sunan mai shi zai fito kafin ya tura ko kobo. Layin wayar kuma tun Disambar 2020 gwamnati ta sa a haɗa shi da lambar NIN. Haka nan mai turawa gaba bai kuɓuta ba, domin a dokar ɓata suna wanda ya sake yaɗa magana shi ma ya wallafa ta.

Ba cewa nake a ajiye alƙalami ba. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayi, shi kansa Final Kod ya keɓe gaskiyar da aka faɗa don amfanin jama'a, da ra'ayin da aka bayyana da kyakkyawar niyya a kan yadda jami'i ke tafiyar da aikinsa. Ka ce an kasa biyan albashi, in an kasa, kana kan ƙafarka. Ka ƙaga wa mutum kisan kai ko zina, ka fita daga wannan inuwa.

Masu Kwana Casa'in sun riga sun nuna hanya. Sun ƙagi Alfawa, suka naɗa mata Gwamna Bawa Maikada, suka zuba masa halayen da kowa ya sani a wurin 'yan siyasa da yawa, ba tare da ya zama hoton mutum ɗaya ba. Wanda ke son jerin karatu na gaske ya nemi Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell, ya ga yadda ake fallasa mulkin danniya da aladu da dawakai. Ya nemi Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tunkari siyasar jam'iyyu a Arewa kai tsaye. Ko wannan hanyar ba tabbacin tsira ba ce: Chinua Achebe a ƙasar da bai ambaci sunanta ba ya kafa A Man of the People, amma da littafin ya fito a Janairun 1966 yana ƙarewa da juyin mulki, daidai lokacin da aka yi na gaske, sai da sojoji suka zarge shi da sanin shirin. Duk da haka, tsakanin wanda ya ƙagi gwamnansa da wanda ya cire wasali akwai tazara mai nisa a gaban kotu.

Ga masu ɗora labari a kan taurarin fim, dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta bar ƙofa ga kwaikwayo na barkwanci da zambo, amma da zarar an fara sayar da babi-babi matsayin ya yi rauni, gara a nemi izinin masu shirin.

Wadda ta riga ta saki babi bisa shawarar saƙon nan, ta janye shi yau, ta roƙi masu kula da zauruka su goge, ta sake gina tauraron daga tushe: wata jiha, wani tarihi, wata fuska. Idan kuma takardar gayyata daga 'yan sanda ta riga ta iso, kada ta tafi ita kaɗai, kada ta sa hannu a kan wata takarda sai da lauya a gefenta. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke babban birnin jiharta.