Allurar da Aka Fara Ba a Ƙarasa Ba

Tun da mashaƙo ya sake ɓulla a Najeriya a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, kuma mafi yawansu yara ne da ba a yi musu rigakafi ba, ko aka fara aka tsaya. Waɗanda aka tsaya ɗin nan sun fi tsaya mini a rai, domin iyayensu ba su ƙi asibiti ba. Sun je da ƙafarsu, daga baya suka janye.

Uwa ta kai jariri yana da sati 6, an yi masa allurar penta a cinya. Da dare jiki ya yi zafi, wurin ya kumbura, yaro ya kwana yana kuka. Da safe maigida ya yanke hukunci: “Lafiyarsa ƙalau kika kai shi, suka sa masa ciwo. Kada ki sake komawa.” Shi ke nan ta sati 10 da ta sati 14 sun wuce.

Ba ciwo aka sa masa ba. Ƙwayar mashaƙo da dafinta take kisa. Tana shimfiɗa wata fata mai kauri a maƙogwaro har numfashi ya gagara, wuya ya kumbura, dafin kuma ya bi jini ya taɓa zuciya. Abin da ke cikin allurar shi ne wannan dafi bayan an kashe masa ƙarfi, yadda ba zai iya cutarwa ba amma jiki zai gane kamanninsa ya tanadi makami. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu alama ce ta jiki yana wannan aiki. Sai dai jikin jariri kamar ɗalibin allo yake: biyawa ɗaya ba ta zama hadda, sai an maimaita masa. Yaron da aka tsaya masa a allura ɗaya kariyarsa ba ta nuna ba, ga shi wannan allurar ce kuma ke tare tarin lala, da tetanus, da ciwon hanta, da wata ƙwaya mai jawo sanƙarau da ciwon huhu.

Wasu kuma sukan ce ai an ɗiga wa yaron a ƙofar gida. Ɗigon nan na shan inna ne kaɗai, ba ruwansa da mashaƙo ko ƙyanda.

Ban ga laifin uban da yake da shakku ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, kuma cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ta samu gindin zama a 2003, har gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a ci gaba ba sai a 2004 da aka kawo magani daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi da malamai da masu unguwanni suka sa baki, shekara da shekaru, kafin a watan Agusta na 2020 a ayyana Afirka ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar shan inna. Kuma har yau mutane na tambaya: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigo kyauta, amma in zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro sai mun sayi magani? Hukumomi ba su ba da amsar da ta gamsar ba.

Abin da ke hannun ma'aikatan lafiya bai kai wannan wuya ba. Uwar da ta yi sammako, ta bi layi, aka daka mata tsawa don ta manta kati, ko aka ce maganin ya ƙare ta dawo wani satin, da wuya ta yi gardama da mijinta a kan komawa. Minti ɗaya ya isa a gaya mata cewa jikin yaron zai iya yin zafi, ta ci gaba da ba shi nono, ga adadin farasitamol da ya dace da shi, in kuma zafin ya wuce kwana biyu ko ya yi jijjiga ta dawo da shi nan take. Ita ma ta samu abin da za ta faɗa wa maigida tun kafin dare ya yi. Wanda kuma ranar allurar ɗansa ta wuce, ba sai an sake daga farko ba, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.